Rajistar kayan jariri: me zan rubuta, me zan bari?

Baƙuwar Chicago: Assalamu alaikum 'yan uwa. Manyanmu na cikin zauren nan ku yi min afuwa, na fari ne, kuma ba ni da nawa a kusa da zan tambaya. Ina Chicago, cikin ya shiga wata bakwai, likita ta ce cikin Janairu in sha Allah. Matan wurin aikinmu sun matsa sai na buɗe rajistar kayan jariri. Jeri ne da mai ciki take rubutawa a Amazon ko Target ko Babylist, a tura wa mutane, kowa ya duba ya sayi abin da yake daidai ƙarfinsa, shagon ya kawo har gida, abin da aka saya kuma ya fita daga jerin don kada wani ya maimaita. Na buɗe, sai kaya suka rikita ni: na'urar ɗumama tsumman goge kashi, kwandon zubar da famfas mai ledarsa ta musamman, gado mai jijjiga kansa, har da takalmin ɗan kwana ɗaya. Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo, hawa na uku, babu lif. Hajiyarmu za ta zo daga Kano ta yi min jego idan biza ta fito. Me ake amfani da shi da gaske a cikin kayan nan? Sannan ya dace in tura wa dangi jerin?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ki lafiya, ɗiyata. Amma ni dai abin nan bai kwanta min ba. Ki rubuta wa mutane ga abin da za su saya miki? Wannan ai roƙo ne, ko da wane suna aka kira shi. Barka mutum da niyyarsa yake kawowa, turmi ɗaya ne, sabulu ne, ki karɓa ki yi godiya. Sannan tun ba a ga abin da Allah zai kawo ba a shiga tallar ciki har da watan haihuwa? Mu a lokacinmu ko hula ba a cika saye ba sai an sauka lafiya, balle na fari da ko zancensa ba a yi. Baki ma abin tsoro ne.

Maman Biyu: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ki bar ni in ɗan ja da ke. Lokacin lefe ba a rubuta lis? Kayan ɗaki fa, ba zama ake yi a lissafa a raba wa gwaggo da inna kowa abin da za ta ɗauka ba? Ko bikin da muke yi wa juna, ai har littafi ake ajiyewa na wa ta kawo me. Da na haifi tagwayena a Kaduna, bayan suna na zauna da kayan barka a tsakar ɗaki. Rigunan jarirai masu ƙarau da leshi sun cika akwati, saitin hoda da mai iri ɗaya sun yi tuli, ga atamfofi. Famfas kuwa leda biyu kacal, kafin sati ya zagayo sun ƙare. Rigunan nan yawancinsu da ledarsu na bayar, domin kafin a zo kansu yaran sun fi ƙarfinsu. Waɗanda suka kawo kuɗinsu suka kashe, da zuciya ɗaya kuma. Da sun san abin da nake bukata ai shi za su saya.

Hajiya Babba: Lefe daban, wannan tsakanin gida biyu ne da suka zama ɗaya. Ba ki taɓa ganin an liƙa lis ɗin lefe a bakin kasuwa ba.

Maman Biyu: Nan kam kin yi gaskiya, Hajiya. To sai a bai wa wanda ya tambaya kawai.

Sista Maryland: Barka da war haka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu haihuwa a nan Amurka, bari in fara da abu biyu da ba na so ki yi wasa da su, ƙanwata, sauran duk mai sauƙi ne.

Na farko kujerar mota. Duk jihohin Amurka 50 doka ce a sa jariri a cikinta, kuma shawarar likitoci ita ce a kujerar baya, yana fuskantar bayan mota. Asibitoci da yawa sai sun tambaye ku ita ranar sallama. Ita ce ya kamata ta hau saman jerinki, kuma tunda tana da tsada ki kunna wurin da mutane da yawa za su haɗa kuɗi a kan abu ɗaya, matan ofishinku za su so hakan. Kada ki karɓi ta hannu sai kin san tarihinta. Kujerar da ta taɓa shiga hatsari tana iya zama lafiya lau a ido alhali ta tsage a ciki, kuma kowace tana da ranar daina aiki a rubuce a jikinta. Tunda haihuwar Janairu ce a Chicago, ki riƙe wannan: ba a ɗaure jariri a kujerar da jibgegiyar rigar sanyi a jikinsa, domin igiyar ba za ta kama ƙirjinsa sosai ba. A sa masa kaya marasa kauri biyu ko uku, a ɗaure, sannan a rufa bargo daga sama.

Na biyu wurin kwana. Ƙaramin gado da zai tsaya gefen naku ya isa, katifa mai tauri a shimfiɗe ba tudu, zanen gado mai roba da ke kama katifar. Shi ke nan. Babu filo, babu bargo, babu 'yar tsana, babu tattausan matashin nan da ake zagaye gado da shi. A kwantar da shi rigingine kowane barci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana cewa a kwana ɗaki ɗaya da jariri aƙalla wata 6 na farko, amma kowa da shimfiɗarsa. Maimakon bargo ki rubuta rigar barci mai zif irin ta buhu, guda biyu ko uku, kada ki ɗauki mai nauyi a ciki.

Hajiya Babba: Sista, 'ya'ya tara na haifa, dukkansu a jikina suka kwana, a gefen haƙarƙarina. Yanzu a ce ɗan kwana uku a ware shi a akwati shi kaɗai cikin sanyin ƙasar nan?

Sista Maryland: Hajiya, Allah ya raya miki su, kuma ba na ƙaryata ki ko kaɗan. Amma ki dubi shimfiɗar. Gadajen nan katifarsu mutum nutsewa yake yi, ga filo huɗu, ga bargo mai kauri da ake ja har wuya saboda sanyi, ga uwa da ta kwana biyu ba barci. Mafi haɗari ma shi ne barci ya kwashe ta a kujerar falo da yaro a ƙirji, ya zame ya shige lungun kujera. Jarirai kusan 3,500 ake rasawa duk shekara a Amurka ta hanyoyin da suka shafi barci. Tun da aka fara yekuwar kwantar da jarirai rigingine a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai ta ragu da fiye da rabi. Kuma ba ware shi aka yi ba, hannu kawai za ta miƙa ta taɓa shi, ta ɗauko ta ba shi nono ta mayar.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan, ƙanwata, shi ne kayan hannu da mutanenmu suke miƙa wa juna da kyakkyawar niyya. A 2019 an janye kujerar barci ta Fisher-Price mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai. A 2022 aka yi dokar da ta hana sayar da wuraren barci masu tudu da matasan zagaye gado. Gado mai gefen da ake saukewa kuwa tun 2011 aka hana. Amma har yau suna nan a gidajen mutane. Duk abin da aka ba ki na hannu, ki duba sunansa a shafin hukumar kula da lafiyar kayan masarufi, CPSC, kafin yaro ya hau.

Baƙuwar Chicago: Na gode ƙwarai, Anti. Wata maƙwabciyata ta yi min alkawarin gadon ɗanta, zan duba shi tukuna.

Angon Ƙarni na Bronx: Iyayenmu mata ku ba ni dama in sa baki, ni ne mai ɗaukar kaya a gidanmu. Hajiya mai tambaya, kin ce hawa na uku babu lif. Don Allah kafin ki rubuta keken turawa ki je shago ki ɗaga shi da hannu ɗaya, ki gwada naɗe shi da hannu ɗaya, domin ɗaya hannun yaro ne a ciki. Manyan kekunan nan masu kyau a hoto, a kan matakala wahala ce zalla. Akwai firam mara nauyi da ake ɗora kujerar motar a kai, shi ya fi mana amfani a watannin farko. Kuma ki ce wa maigidan ya ɗaura kujerar a mota tun cikin wata takwas, ya kai wa masu takardar shaidar duba ta su gani, a wurare da yawa kyauta ake yi. Ba ranar sallama ba ne lokacin karanta takardar bayani a filin ajiye motoci.

Maman Biyu: Ga maganar da nake jira a zo kanta: famfas da tsumman gogewa. Sabon jariri yana ɓata 8 zuwa 12 a yini. Amma kada ki cika jerin da mafi ƙanƙanta, wani yaron sati biyu ya wuce su, wani ma da girmansa yake zuwa. Ki sa kaɗan na sabuwar haihuwa, ki yawaita lamba 1 da lamba 2. Haka riguna. Masu zif daga wuya zuwa ƙafa, na auduga, su ne na kullum. Da ƙarfe uku na dare, ido rabi a rufe, yaro yana tsala kuka, ba ki da lokacin neman maɓalli goma sha biyu ki haɗa kowanne da ɗan uwansa. Rigar fitar suna guda ɗaya ta isa, ita ma na tabbata Hajiyarku za ta zo da ita. Sai ƙananan tawul masu yawa na tumbuɗi, waɗannan ba sa yin yawa. Na'urar ɗumama tsumma kuwa, tafin hannunki ya isa.

'Yar Damagaram: Sannunku. Ni ina karantawa ne saboda ƙanwata da ke kusa sauka a nan Zinder, kuma na ga jerin ku na can ba namu ba ne. A nan abin da zan fara rubutawa gidan sauro mai magani, sai fitila mai caji da fanka mai caji saboda wuta, baho, fulas babba na ruwan zafi, nafkin na yadi dozin biyu da sabulun wanki tunda famfas kullum ba kowa ke iyawa ba, zannuwan goyo da majanyi, man kaɗanya. Sai abin da na fi so a ji: maganin cibiya, kulohekzidin, wanda ake bayarwa a likita. Har yanzu akwai masu gasa cibiya da tsumma, da masu shafa man goge baki ko toka don ta yi saurin faɗuwa. Ta nan cuta take shiga. Ƙaramin bututu ne mai arha, ya fi saitin hoda amfani nesa ba kusa ba. A kula dai, na cibiya ne kawai, kada ya kusanci ido.

Sista Maryland: Allah ya saka, 'Yar Damagaram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan maganin inda aka saba shafa wa cibiya abubuwa masu cutarwa. A asibitocin nan kuwa cewa ake a bar cibiya a bushe, a naɗe bakin famfas ƙasa da ita, ba a shafa komai. Kowa ya bi abin da asibitinsa ya ce.

Ƙanwata, ƙara waɗannan, duk ƙanana ne masu arha: ma'aunin zafin jiki, abin zuƙe majina da ruwan gishirin ɗiga wa hanci, abin yanke farce, man shafawa na kurajen famfas, da ɗigon bitamin D da ake ba masu shan nono. Ma'aunin ya fi komai a cikinsu. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan zafinsa ya kai digiri 38, wato 100.4 a ma'aunin nan, asibiti ake tafiya a lokacin, ba a jira safiya, ba a ba shi magani a gida. Taɓa goshi da bayan hannu ba zai gaya miki wannan ba.

Abin da za ki cire: hoda, domin jariri yana shaƙar ƙurarta, da keken koyon tafiya. Kanada ta hana sayar da shi tun 2004 saboda yara suna gangarowa daga matakala da shi, ke kuma a hawa na uku kike.

Uwar Marayu: Kowa yana ta jariri, mai jego fa? Ita ce za ta yi ciwo, ita ce ba za ta yi barci ba. Ki rubuta wa kanki audugar mata manya, rigunan shayarwa masu buɗewa ta gaba, man shafa kan nono, da gorar ruwa babba da za ki ajiye gefen gado, domin shayarwa ƙishirwa gare ta. A gida maƙwabta ne ke aiko da kwano, dangin miji su kawo kauri, wata ta zo ta yi wanki. A can in ba a shirya ba babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Idan matan ofis suka ce me kuma, ki ce katin sayen abinci. Ki cika firiza da miya tun yanzu da sauran ƙarfinki.

Sista Maryland: Wannan haka yake. Abin tatsar nono kuma kada ki sa a jerin tukuna, ki fara kiran kamfanin inshorarki. Dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wa yawancin inshora su biya shi. Za ki bukace shi idan za ki koma aiki, tunda hutun da dokar tarayya ta tanada sati 12 ne ba albashi, shi ma ba kowa ya cancanta ba. Fida ki sayi biyu ko uku kawai ki ga wadda yaron zai karɓa, kada ki sayi saiti guda ya ƙi su duka.

Baƙuwar Chicago: Na rubuta duka. Hajiyarmu ta ce za ta taho da zannuwan goyo, yajin jego, kanwa, kuka, daddawa, kilishi, turaren wuta da kwalli. Akwai matsala a ciki?

Angon Ƙarni na Bronx: Kilishi da dambun nama ta bar su a gida, ba a shigowa da nama, kwastan za su karɓe. Sauran kayan abincin ta bayyana su duka a filin jirgi, su duba su ce wanda zai wuce. Ɓoyewa ce ke jawo tara. Turaren wuta kuma ku yi hankali, na'urar gano hayaƙi tana rufin kowane gida, kasko ɗaya zai tayar da bene gaba ɗaya. Ga tagogi a rufe saboda sanyi, hayaƙin a ƙirjin yaro zai ƙare.

Sista Maryland: Kwallin ne ya tsaya min a rai. Yawancin kwallin gargajiya dutsen dalma ne ake niƙawa. A 2012 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, aka bi diddigi aka gano kwallin da ake sa masa ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ba a ganin alama da wuri. An hana shigo da shi Amurka ma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata a sake yi mana bayani ba.

Sannan idan kayan jaririn a akwati mai kafur aka ajiye su, a wanke su tas a shanya kafin a sa masa. Yaranmu da yawa, musamman maza, suna da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, kafur yana iya fasa musu jini ya kawo shawara mai tsanani. Zuma kuma sai ya cika shekara. Ruwa ma babu sai wata 6, nonon ya ishe shi.

Hajiya Babba: Kwallin ma? To. Mu dai don ido ya yi haske muke sawa, ba mu san da wannan ba. Amma kunun kanwa da ruwan zafi kada ki ce min su ma an hana.

Sista Maryland: Ruwa mai ɗumi da zai gasa jiki babu laifi, Hajiya, in ba aiki aka yi mata ba, in kuwa aiki ne sai abin da likita ta ce. Kanwar ce ake so a rage ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Wadda jininta ya hau lokacin ciki ta bar kanwa gaba ɗaya. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya.

Baƙuwar Chicago: Alhamdu lillahi, kun sauke min nauyi. Jerin ya ragu sosai, kwandon famfas da gado mai jijjiga da takalma duk na goge. Maganar Hajiya Babba kuma ta shige ni. Na duba na ga ashe rajistar a buɗe take, duk wanda ya rubuta sunana zai ga watan haihuwa, yanzu na mayar da ita sai wanda na tura wa. Matan ofis zan ba su tunda su suka nema, kuma al'adarsu ce. Dangi ba zan tura wa kowa ba, wanda ya tambaye ni da bakinsa zan ce famfas. Abin da ya rage min shi ne yadda zan gaya wa Hajiyarmu zancen kwalli da kanwa da gadon yaro. Ni ko sunan cikin ban taɓa ambata a gabanta ba.

Hajiya Babba: Yauwa, ɗiyata, haka ya fi mutunci, ko da yake ni har gobe da kin bari an sauka tukuna. Zancen mahaifiyarki kuwa, kada ki ce mata an hana, kada kuma ki yi mata ta waya, za ta ji kamar kin raina renon da ta yi miki. Kina da yaya ko ƙanwar uwa da take jin maganarta? Ita za ki gaya wa ta sanar da ita kafin ta haɗa kaya, a ce mata dokar ƙasar ce, za a karɓe a filin jirgi. Idan ta iso, ki tafi da ita awo, ki roƙi a samo mai fassara, likita ta faɗa mata da bakinta a matsayinta na kaka mai kula da yaro. Ki bar mata wanka da goyo da damun kunu su zama nata, kada ki sa mata baki a ciki.

Baƙuwar Chicago: Akwai Anti ƙarama, ƙanwarta, malamar asibiti ce a Kano. Yau da daddare zan kira ta in sha Allah.